Taswirar Kwamfuta: Me Za Ta Amfani Mai Fataucin Shanu?

Duk wanda ya taɓa kora shanu daga Dakwaro ko Tanut zuwa bakin iyaka ya san ba a kara kaɗai ake yin hasara ba. Sa yana baro gida da tozo, ya yi kwana biyu bai sha ruwa ba, ya iso Maigatari ranar Alhamis a rame, dillali ya karya masa kuɗi. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan wani ilimi da Turawan Ingila ke kira GIS, na Faransa kuma SIG, wato haɗa taswira da bayanai cikin kwamfuta. A ƙasar Kanada aka fara shi, cikin shekarun 1960.

Tushen abin shi ne, kowane wuri a bayan ƙasa yana da lamba biyu: nisansa daga tsakiyar duniya zuwa arewa ko kudu, da nisansa zuwa gabas ko yamma. Maraɗi, alal misali, tana wajen digiri 13.5 arewa, digiri 7.1 gabas. Wayar salula mai GPS tana samo waɗannan lambobi daga taurarin ɗan Adam, aƙalla huɗu, kuma a fili kuskurenta bai cika wuce 'yan mitoci ba.

Da iri uku ake zana komai. Akwai ɗigo: rijiya, kasuwa, ofishin duwan, wurin allurar dabbobi. Akwai layi: burtali, titi, iyakar ƙasa. Akwai fili: wurin kiwo, gonaki, tabki. Kowane iri yana da shafinsa, kamar a ce leda ce fara da ake hango ta ƙarƙashinta. Kuma kowane ɗigo yana ɗauke da bayaninsa: rijiyar nan gaba nawa ce, wa ke da ita, nawa ake biya, wane wata take ƙafewa.

To ina amfanin? Sai an ɗora shafi bisa shafi. A ce mun ɗora shafin mashaya bisa na burtali, muka sa kwamfuta ta zagaye kowace rijiya da da'irar kilomita 10. Duk inda burtali ya fita daga cikin da'irorin, nan ne shanu za su sha ƙishirwa, sai a sake hanya ko a ɗora su a kamyo. In kuma muka ɗora hoton gonakin bana bisa tsohon zanen burtali, za a ga ƙarara inda noma ya ci hanya. Wannan hujja ce gaban hakimi ko kwamitin filaye, musamman a Nijar inda dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 suka ba hanyoyin dabbobi kariya. Haka nan cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana amfani da hotunan sama don auna inda ciyawa ta yi kyau da inda damina ta gaza.

Farawa ba wuya. Manhajar QGIS kyauta ce. Mu samu yaranmu masu boko su koya, su riƙa bin masu kora, suna ɗaukar lambar kowace mashaya da kowane zango.

Amma a kula da abu biyu. Kwamfuta ba ta san rijiya ta rushe ba sai an gaya mata, don haka sanin tsofaffin makiyaya shi ne jari, kuma a riƙa sabunta bayani rani da damina. Na biyu, taswirar zangonmu da ranakun tafiyarmu sirri ce. In ta faɗa hannun ɓarayin shanu, mun ba kura ajiyar nama. A bar ta hannun amintattun ƙungiya.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.