Canjin Kuloci a Motar Ƙafa Huɗu: Aikin Mai Mota ko na Makaniki?

Damagaram, wato Zinder, gari ne da tun asali yake ci daga hanya. A zamanin Sarki Tanimune, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma ne ke sauka a Zango da kayan Tarabulus kafin su wuce Kano. A ƙarshen 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a madadin tayoyin baya, suka biyo ta Zinder a tafiyarsu ta ratsa Afirka, lokacin garin yana hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Yau abin da ya gaji raƙumi a hanyar Tanout zuwa Agadez, da cikin rairayin Tesker da Termit, shi ne motar da ke ja da ƙafa huɗu, wadda ake kira kat-kat, musamman Land Cruiser da Hilux. Duk mai irin wannan mota, in dai mai giyar hannu ce, wata rana kulocinta zai ƙare, ya tsaya yana lissafin ko ya kwance da kansa ko ya kai gareji. Matsayin wannan rubutu shi ne mai mota ya san aikin ciki da waje, amma ya bar wa makaniki sauke ƙarfen, domin ribar sani tana wajen gane ciwo da zaɓen kaya da iya tuƙi.

Kuloci yana zaune ne tsakanin inji da akwatin giya. A bayan inji akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi, filawil, wanda ke juyawa muddin inji na aiki. Jikinsa ake manna farantin kuloci, mai fata irin ta birki a fuska biyu, sannan murfi mai ƙarfin sifirin ya danne farantin. Tsakiyar farantin tana da haƙora da suka shiga sandar akwatin giya, saboda haka idan murfin ya matse, inji da giya sun zama abu guda. Idan direba ya taka kuloci, man birki ya bi bututu zuwa tulun kuloci na ƙasa ya tura wani hannun ƙarfe, hannun ya tura boris, boris ya danna sifirin, farantin ya sami sarari, sai a iya sauya giya. Fatar farantin ba ta ci idan an take gaba ɗaya ko an saki gaba ɗaya. Tana ci ne a tsakani, lokacin da take gogar filawil, kuma gugar nan zafi take haifarwa.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa motar ƙafa huɗu ta fi wahalar da kuloci. Motar da ke ja da tayoyi biyu, idan aka fizge ta, tayoyin su kan zame, ƙarfin ya tafi a banza. Mai ƙafa huɗu kuwa ta kama ƙasa da kyau, ba wurin da ƙarfin zai zube sai a kan farantin. Masu motocin gudu irin su Audi Quattro, da ta fito a 1980, da Subaru Impreza WRX, da ta fito a 1992, sun san wannan matsala, domin tashi da fizga ne ke ƙone musu kuloci. A Damagaram sanadin daban ne, sakamakon ɗaya. Mota ce aka yi wa lodin gero da jarkokin ruwa da fasinjoji a sama, ta kafe a yashi, direba ya taka totur ya riƙe kuloci rabi da rabi yana neman ta fita. Cikin 'yan mintoci ƙauri zai tashi, farantin da ya kamata ya yi shekaru ya ƙone a yini guda. Alhali maganin yana hannunsa: a rage iskar tayoyi, a haƙe yashin gabansu, a sa ƙaramar giyar ƙafa huɗu, wadda ke ninka ƙarfin ja kusan sau biyu ko fiye, a saki kuloci gaba ɗaya a bar inji ya yi aikinsa.

Shi kansa canjin, wuyarsa ba ta wajen farantin, wanda yaro ma zai ɗauka da hannu ɗaya. Tana wajen isa gare shi. A kat-kat akwai akwati na biyu manne da bayan akwatin giya, wanda ke raba ƙarfi zuwa gaba da baya, da sandunan farfela biyu. Sai an cire kan batir, an yi wa farfela alama an kwance su, an cire sandunan giya daga cikin mota, an cire kik da wayoyi da tulun kuloci na ƙasa, an tallafe inji, an kwance ƙarfen da ya gicciya yana ɗauke da akwatin, sannan a ja akwatunan biyu baya a sauke. Nauyinsu tare yana iya kai na buhun gero, ga shi nauyin ya karkata gefe guda, mutum kuma yana kwance a ƙarƙashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya dogara da jak kaɗai a kan ƙasa mai yashi, ba rami ba mataimaki, da ransa yake wasa, domin jak na nitsewa, akwatin kuma idan ya suɓuce ƙirji yake nema.

Mayarwa ta fi saukewa neman ƙwarewa. Farantin yana da fuskar da ke kallon filawil, idan aka juya shi giya ba za ta shiga ba. Dole ya zauna daidai tsakiya kafin a ɗaure murfi, shi ya sa makanikai ke ajiye tsohuwar sandar giya su zura ta a ciki su daidaita. Ana ɗaure kusoshin murfi kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, har su kai ma'aunin da kamfani ya ƙayyade. Giris ɗan kaɗan ake shafa wa haƙoran sanda, idan ya yi yawa zai fantsama kan fata. Idan akwatin ya ƙi shiga, ba a jawo shi da ƙarfin kusoshi, ba a kuma barin nauyinsa ya rataya a kan farantin, in ba haka ba sabon kaya ya lanƙwashe tun kafin a tayar da mota. Ƙurar tsohon faranti ma ba a hure ta da baki ko da iska, domin wasu farantai na ɗauke da asbestos, mai lalata huhu. Kuskure ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a sake sauke komai daga farko.

Mai karatu zai iya cewa ai a Turai da Amurka mutane da yawa suna yin wannan aiki a gida, har suna ɗora hotunansa a YouTube. Gaskiya ne, amma lissafinsu ba namu ba ne. A can ana biyan makaniki ne bisa awa, aikin da zai ci yini kuwa ladansa kan kai kuɗin kayan ko ya wuce, saboda haka mai yi da kansa ya tsira da kuɗi mai kauri. A Zinder abin ya juye: kayan gyara ne ke da tsada, tunda daga nesa ake shigo da su, da yawa ta Kano, ladan hannu kuwa da sauƙi. Wanda ya ƙi biyan maigidan gareji da yaransa ya ceci kaɗan, ya jefa mai yawa cikin haɗari. Ban da haka, makanikin da ya shekara yana sauke akwatin injin 1HZ, wanda Toyota ke sa wa Land Cruiser tun 1990, hannunsa ya san abin da hoto ba ya koyarwa.

Hujja ta biyu ta masu son yi da kansu ta fi nauyi. Tsakanin Zinder da Agadez akwai kimanin kilomita 450, wanda kuma ya nufi Termit ya san ba gareji a gabansa. Direban sahara ba shi da zaɓi sai ya iya wani abu. Amma idan aka duba, kuloci ba ya mutuwa bagatatan. Yana fara gargaɗi: a giya ta huɗu ka taka totur inji ya yi ƙara gudu bai ƙaru ba, faranti ya cinye; ƙara ta tashi idan ka taka, boris ne; mota ta riƙa karkarwa wajen tashi, ko mai ya taɓa fata ko filawil ya yi tabo. Wanda ya ji waɗannan ya gyara a gari kafin ya ɗauki hanya. Abin da kan tsayar da mota farat ɗaya shi ne zubar man kuloci, takawa ta yi laushi giya ta ƙi shiga, wannan kuwa ana gyara shi daga waje da robobin tulu da kwalbar man birki, ba tare da sauke komai ba. Ko bai gyaru ba, tsohuwar mota tana tashi da kik a cikin giya, gwanin direba kuma ya riƙa sauya giya da sauraron inji har ya isa gari. Wannan ne ilimin da ya wajaba ga direba da yaron motarsa.

Saura masu cewa suna kwancewa da kansu ne don gudun ha'inci, kada a sa musu jabu ko a mayar da tsohon kaya. Tsoron yana da tushe, sai dai maganinsa tsayawa a kan aiki. Mai mota ya sayo kayan da kansa bisa lambar motarsa, ya sayi faranti da murfi da boris tare, har da ƙaramin boris na tsakiyar filawil, domin araha ba ta ado, wanda ya canza faranti kaɗai zai dawo rami ba da jimawa ba. Idan an buɗe, ya leƙa ya ga ko mai na tsatsa daga sil ɗin bayan inji, ya shafa fuskar filawil ya ji ko tana bukatar gogewa, ya karɓi tsofaffin kayan a hannunsa. Bayan an haɗa, ya lallaɓa motar na ɗaruruwan kilomita kafin ya yi mata lodi mai nauyi.

Wanda yake da rami da jak na akwatin giya da sifana mai ma'auni da abokan aiki biyu, kuma ya taɓa yi a gaban gwani, ba laifi ya kwance motarsa. Wanda bai cika waɗannan ba, ya kai gareji ya tsaya a kan kayansa, sannan ya ɗauke ƙafarsa daga kan kuloci da zarar mota ta tashi.