Ƴar tsanar Faransa da tamu ta Maraɗi

A ƙasar Faransa, ƴar tsana dukiya ce. Masana'antar Jumeau da ke Montreuil, kusa da birnin Paris, ta shahara wajen ƙera masu kan tangaran da idon gilashi, har ta ci lambar zinariya a baje kolin 1878. A 1899 arahar kayan Jamus ta tilasta mata haɗewa da wasu masana'antu. Yau masu tara kayan da suna sayensu da tsada.

Mu nan Maraɗi fa? Tun kaka da kakanni ƴan matan Tibiri da Jiratawa ke haɗa tasu da kara, laka ko ƙashi, su yi mata ado, su goya ta. Ga ta roba ta cika babbar kasuwa, ta kara kuwa gara ke cinye ta kafin wani ya tuna da adana ta.