Na'urar RFID: Yadda Take Aiki da Iyakar Shaidarta

Wannan takarda za ta yi bayani kan wata 'yar ƙaramar na'ura da ake kira RFID, wato na'urar shaida ta hanyar igiyar rediyo. Akan saka ta cikin kati, ko abin hannu, ko zobe. Maniyyacin da ya tashi daga filin jirgin saman Garwa, hedkwatar Jihar Arewa a Kamaru, yana ɗauke da irinta a aljihu, domin sabon fasfon da ƙasar ta fara bayarwa a watan Yulin 2021 yana da ita a jikinsa. Maleshiya ce ta fara fitar da irin wannan fasfo a 1998.

Sassan na'urar biyu ne: ƙwayar da ke ajiye bayanai, da siririyar waya da aka naɗa kewaye da ita. Ba ta da batir. Injin da ke karanta ta shi ne ke watsa igiyar rediyo, wayar ta tsotsi ƙarfin, ƙwayar ta farka, sannan ta mayar da amsa a kan igiyar da aka aiko mata. Misalinta kamar madubi ne: ba shi da hasken kansa, sai wanda aka haska masa. Wani injiniya mai suna Harry Stockman ya yi rubutu kan wannan dabara tun 1948.

Ta fasfo ba ta amsawa sai an kawo ta kusa da injin, kimanin santimita 10. Wannan gajeren zango ba aibi ba ne, domin amsar kanta hujja ce cewa na'urar tana wurin. Da wannan ne ake buɗe ƙofa ko a biya kuɗi da abin hannu.

Sai dai akwai abin lura. Na'urar kanta kaɗai take shaida, ba ta san hannun da ke ɗauke da ita ba. Idan ɓarawo ya sace abin hannun, ƙofa za ta buɗe masa kamar mai shi. Saboda haka ne jami'in shige da fice yake gwada fuskar matafiyi, ko zanen yatsunsa, da bayanan da aka adana. A taƙaice, igiyar rediyo tana tabbatar da kusanci, amma tabbatar da mutum sai an haɗa da jikinsa ko lambar sirrin da shi kaɗai ya sani.