Auna lokaci da yawan kewaye a tseren siklokuros

Siklokuros tseren keke ne na lokacin sanyi, cikin laka da rairayi, wanda ya fi ƙarfi a Beljik. A nan ba a yanke yawan kewaye tun farko: alƙalai kan auna kewaye biyu na wanda ke gaba, sannan su lissafa saura. Mu ɗauki tseren minti 40 na waɗanda ba sana'arsu ba ce. In kewaye ya ci minti 7 da sakan 10, rabawa za ta ba mu 5,58, watau kewaye 6. In sakan 20 ne, 5,45, watau 5. Ke nan kuskuren sakan 10, abin da ba wuya in laka ta rufe lambar ɗan tsere, yana iya rage kusan kilomita 3.