Gadar Gwamna Lugga: Daga Zungeru Zuwa Kaduna

Duk wanda ya shiga lambun Gamji da ke bakin Kogin Kaduna zai tarar da wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa. Mutane da yawa ba su san baƙuwa ce a wurin ba.

Cikin shekarar 1904 Gwamna Lugga ya sa aka kafa ta bisa rafin Dago a Zungeru, sa'ad da garin yake hedkwatar Arewa, don ta haɗa gidansa da sauran unguwanni. Bayan hedkwata ta koma Kaduna a 1917, aka kwance gadar aka biyo da ita. A 1956 Gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihin ƙasa.

Zungeru kuwa, inda aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904, gonaki sun kewaye ta, gine-ginen Turawa sun zama kufai.

Ƙarfe ba ya tsira daga tsatsa sai da fenti da kulawa. Ya kamata Hukumar Kayan Tarihi ta riƙa duba gadar nan, kada ta bi sawun kufan Zungeru. Makarantu kuma su riƙa kai ɗalibai, don gani ya kori ji.