Hitar Tafkin Kifi: Ba Duk Shiru Ne Lalacewa Ba

A Kanada da arewacin Amurka, inda saman ruwa ke daskarewa da hunturu, masu kiwon kifin ado irin su koi, ɗan asalin Niigata ta ƙasar Jafan, kan jefa wata hita mai yawo a saman tafki. Ƙorafinsu kusan ɗaya ne kowace shekara: an jona ta, amma ruwan sanyi ƙalau.

To, ai dama ba don ta ɗumama tafkin aka ƙera ta ba. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, shi ya sa yake kwantawa a ƙasa, kifayen su lafe a can, ƙanƙara kuma ta rufe sama. Abin da ke halaka su shi ne gurɓatacciyar iskar da ruɓaɓɓun ganyaye da kashin kifin ke fitarwa, idan ta rasa mafita. Aikin hitar kawai ta bar rami a buɗe, ko da faɗin faifai ne. Mai son ruwa ya yi ɗumi kuwa sai ya shirya wa kuɗin wuta, domin hita mai wat 1,000 sai ta haura awa guda kafin ta ɗaga zafin lita 1,000 da digiri ɗaya tak.

Akwai kuma makunnin da ke cikinta, wanda ba ya tashi sai ruwa ya kusa daskarewa. Wanda ya gwada ta a ɗaki zai rantse ta mutu. Dabarar ita ce a ajiye ta a firiza na ɗan lokaci, a fito da ita a jona na 'yan daƙiƙu. In ta fara ɗumi, lafiyarta lau.

Idan ramin na rufewa alhali tana aiki, a duba abu biyu. Iska mai kaɗawa tana kwashe zafin, don haka a matsar da ita gefen da ke da kariya. Sannan farin dattin da ruwa mai gauri ke liƙawa a jikin ƙarfen hitar yana toshe zafi. Jiƙa ta a ruwan khal da goga mai laushi sun wadatar. Kuma kada a fasa ƙanƙara da guduma, girgizar na jigata kifi. Tukunyar ruwan zafi ake ɗorawa a kai har ta narke.

Inda babu wasa shi ne idan na'urar kariya tana yawan katse wuta. A Ingila ana sa wadda ke yankewa da zarar yoyon wuta ya kai miliyamfa 30. Katsewarta na nufin ruwa ya shiga soket, ko waya ta tsage, ko jikin hitar ya fashe. Wasu kan cire kariyar su jona kai tsaye, wannan kuwa ganganci ne da rai.

Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Jos da Kano ma suna tsoma hita a tankunansu da hunturu, tunda ƙwan ya fi son zafin digiri 28 zuwa 30. Nasu haɗarin shi ne ruwa ya ja baya ya bar hita a waje, ta ƙone ko gilashinta ya tarwatse. Duk wanda zai sa hannu cikin tanki, ya fara zare filogi tukuna.