Ƙuncin Shekarun Ashirin: Me Ya Sa Kake Ganin Kowa Ya Wuce Ka?

Ka gama makaranta ko bautar ƙasa, shekarunka tsakanin 20 da 30 da ɗoriya, amma ba aiki tsayayye, ba aure, ba ka san inda ka dosa ba. Masana halayyar ɗan'adam sun san wannan yanayi. Shi kansa ba cuta ba ne, amma idan ya yi tsanani yana iya kaiwa ga ciwon damuwa.

Me ke rura wutar?

A 1954, masani Leon Festinger ya bayyana cewa mutum yakan auna kansa da wasu idan ya rasa ma'auni tabbatacce. A da, sa'o'inka na unguwa kaɗai kake gani. Yanzu Facebook da Instagram suna nuna maka bikin wannan da sabuwar motar wancan, amma ba sa nuna bashinsu da rashin barcinsu. Yawan auna kai da wanda ake ganin ya fi, shi ke sa mutum raina kansa.

Ina amfanin juriya?

Juriya ita ce iya farfaɗowa bayan abu ya ƙi. Matasa biyu za su rasa aiki ɗaya. Wani ya ce "ba ni da amfani", ɗayan ya ce "wannan karon ban dace ba". Na biyun ya fi saurin sake gwadawa. Kuma ana koyon juriya:

- Ka auna kanka da yadda kake bara.
- Ka rage duba shafukan da ke dagula maka rai, musamman da dare.
- Ka sa wa kanka ƙaramin buri na mako, kamar koyon sana'a.
- Ka kula da barci da motsa jiki, ka kuma faɗa wa amini damuwarka.

Iyaye kuma a guji gorin "dubi ɗan wane". Yana ƙara ƙuncin ne kawai.

Yaushe za a ga likita?

Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako 2 kusan kullum, barci da cin abinci suka lalace, ko ka fara shan ƙwaya don samun sauƙi, je asibiti. Idan tunanin kashe kai ya zo maka, faɗa wa wani na kusa, ku tafi asibiti a ranar. Ciwon damuwa yana da magani.